Gawar Sarauniya Tana Numfashi

A asibitin ba mai kiransa da sunansa, Na-Sanyi ake ce masa, domin tun yana saurayi yake aiki a ɗakin sanyi na ajiye gawa, can bayan wajen wanki, inda ko masu shara ba sa son bi. Aikinsa ya karɓi mamaci, ya ɗaure masa haɓa da bandeji kafin jiki ya sandare, ya rataya masa lamba a yatsan ƙafa, ya tura shi cikin durowa. Tsaftarsa har ta yi yawa, sabulu ya cinye masa fatar hannu. Duk da haka in ya miƙa hannu a gaisa, sai ka ga mutum ya tuna da wani abu a aljihunsa. Ya ce ya saba.

Abin da ya kasa sabawa da shi shi ne na 'yarsa. Auta suke ce mata, ko da yake ita kaɗai suka haifa. Tana ƙarama, a kafaɗarsa ta shiga sinima ta kalli kashi na farko na wani fim mai kashi uku, labarin mutanen da dodo ya shanye musu kogi, sarauniyarsu ta kwashe su suka bi sawunsa. Kashi na biyu su uku suka je har da uwarta, wadda ta ɓingire da barci tun ba a je ko'ina ba, suka yi ta yi mata tsiya a hanyar gida.

Kafin na uku ya fito, motar haya ta kife da uwar a kan gada. Ranar shi ne a bakin aiki, shi ya ɗaga zanen da aka rufa mata. Ya yi mata duk abin da yake yi wa kowa. Da Auta ta zo tana dukan ƙofa tana roƙon ta ga mamarta, sai ya murza makulli daga ciki. Tun daga ranar ta koma gidan gwaggonta. In ya je gaishe su, tana amsawa daga bayan labule, abin da ya riƙo mata kuwa sai ya ruɓe a kan tebur. Ba abin da yake so a duniya kamar yarinyar nan ta sake zama kusa da shi.

Shi ya sa da ta kira shi a waya ta ce kashi na uku ya fito, ko zai je, sai da ya nemi kujera ya zauna. Ya sayi sabuwar riga, ya yi aski, ya wanke hannu har ya yi ja. Ya iske ta a ƙofar sinima da rana tsaka, ta yi tsawo, tare da ƙawayenta biyu na makaranta. Ta ja shi gefe ta roƙe shi abu ɗaya: kada ya faɗi inda yake aiki. Abin ya soke shi, amma ya yi murmushi ya ce ba komai. A ciki kuma ta zauna a kujerar da ke jikin tasa.

Fim ɗin ya ba shi daɗi, ya kuma ba shi haushi. Wasu shanu masu fikafikai da aka nuna sun burge shi ƙwarai, da suka keto gajimare har tsikar jikinsa ta tashi. Amma surutu ya yi yawa, kowa ya zaro takobi sai ya tsaya ya yi jawabi. Gurgun maƙerin da ya fi so tun kashi na farko, mai ba su dariya shi da Auta, an manta da shi kamar ba a taɓa yin sa ba. Da aka zo babban yaƙi mutane suka yi ta tafi, shi kuwa idonsa yana ƙasa, kan waɗanda suka faɗi. Fili guda na mutane, rana tana dukansu, ba mai ɗauka, ba mai ko rufa musu ƙyalle. An ci yaƙi, an busa ƙaho, an wuce an bar su. Ya ji ransa ya ɓaci sosai, ya dai haɗiye.

Ashe dodo ya soki sarauniya kafin ya faɗi. Aka shimfiɗe gawarta a bakin kogin da ya dawo, ruwa yana malala, kiɗa yana ratsa zuciya. Fuskarta fes, leɓe a haɗe, gashi a gyare. Sinima ta yi tsit, ana jin jan majina nan da can. Na-Sanyi ya ƙura mata ido irin na aiki, ya ga jijiyar wuyanta tana motsi. Bai san lokacin da bakinsa ya kuɓuce ba.

"Ai wannan numfashi take yi. Ba mai mutuwa haka, baki a rufe ba a ɗaure ba."

Muryarsa babba ce, ta saba da ɗakin da ba mai amsawa. Wani a baya ya fashe da dariya, wasu suka taya shi, wata mata ta ja tsaki. Ƙawayen suka leƙo suna kallonsa. Sai a lokacin ya lura Auta kuka take yi tun ɗazu, kuma kanta ya kusa taɓa kafaɗarsa. Ta ɗaga kan ta gyara zama. Sauran fim ɗin, naɗin sabon sarki da raye-raye, bai ga komai a ciki ba.

A waje ƙawayen suka yi sallama da wuri. Shi da ita suka taka zuwa tashar mota, yana ta neman kalmar ban haƙuri ya rasa. Ita ce ta fara magana, ba ta dube shi ba.

"Baba, Mama ma haka fuskarta take? Irin ta sarauniyar?"

Ya tuna abin da ya gani a ƙarƙashin zanen nan, abin da ya sa ya murza makulli. Gaskiyar ba ta faɗuwa ga ɗiya.

"Haka take, Auta," in ji shi. "Kamar tana barci."

Ta juyo ta dube shi sosai, karo na farko tun rasuwar.

"Yanzu fa ka gama cewa ba mai mutuwa haka."

Mota ta tsaya, ta shiga ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon inda babanta yake tsaye.