Ranar da Inna Ta Ja Mayafi

Kome tsufa zai kwashe mini daga ka, ba zai kwashe yammacin da na tsaya gefen farin zane a unguwar Kwararafa ta Jos bakina ya mutu murus ba. Ni kuwa baki ne sana'ata. A shekarun nan na hamsin, kafin Turawa su tattara su tafi, ni mai bayanin majigi ne. Hoto na motsi ba murya, ni ina gefe ina gaya wa jama'a abin da suke gani. In na ce mutumin nan ɓarawo ne, to ɓarawo ne, ko da salla aka nuna yana yi.

Ina da abokai biyu a lokacin. Ɗaya kafinta ne a kasuwar Katako, Bahaushe haifaffen Jos, shiru-shiru, sai ka yi magana goma bai yi ɗaya ba. Ɗayan Bayarabe ne mai shagon hoto, ga fara'a ga surutu, da Hausarsa ta 'yan Jos wadda mace da namiji duk “shi” ne. Sun daɗe suna zaune ɗaki ɗaya a bayan shagon. Mutane na cewa aminai ne, don a wurinmu maza biyu su riƙe hannu a titi ba abin kallo ba ne. Ni dai na san abin ya wuce aminci, su ma sun san na sani, ba mu taɓa tayar da maganar ba. A zamanin nan in irin wannan ta fasu, ko gidan yari ko barin gari.

Wani Baturen kuza da zai koma ƙasarsu ya bar wa mai hoto tsohuwar na'urar ɗaukar hoto mai motsi, wadda ake wana ta kamar agogo, haɗe da majiginta. Sai mutanen nan suka ce fim za su yi. Kai, na yi dariya har da riƙe ciki! Ba 'yan wasa, ba mai riƙe musu na'ura. Kafinta ya ƙera mata ƙafafu da ragowar katako, su wana ta, su ruga gabanta su yi abin da za su yi kafin ta tsaya. Da suka gama aka aika fim ɗin Ikko a wanke, muka yi ta jira har na manta.

Ran nan kafinta ya same ni ya ce, “Malam, fim ya dawo. Inna nake so ta gani, kai za ka yi bayani.”

Inna mahaifiyarsa ce, mai sayar da masa a unguwar Nasarawa Gwom. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, sai dai “yaron nan”. Amma mai hoto, wayyo, sunansa gatsau take kira, ta tsokane shi da Hausarsa, su sa hannu kwano ɗaya.

Na ce, “Ka haukace? In ta ɗaga maka nono fa?”

Ya ce, “Na gaji da cin tuwonta da ƙarya a bakina. Kai dai ka faɗi abin da ka gani.” Wallahi ban taɓa ganin ƙarfin hali irin na mutumin nan ba. Duk duniya albarkar uwarsa ce abin da ya fi tsoron rasawa, ita ce kuma ya ɗora a kan ɗan guntun fim. Ni kuwa na ƙudurta a raina zan rufa masa asiri, in ce wa da ƙane ne.

Bayan la'asar aka toshe tagogin shagon da barguna, aka kafa zane a bango. Inna ta zo da masa a kwano, ta zauna a benci. Hoto ya fito yana rawa, na saki baki: “Jama'a, ga baƙo ya sauko daga jirgi, sanyin Jos ya ce masa sannu da zuwa! Ga bawan Allah ya yafa masa bargonsa!” Inna na ta ƙyalƙyala dariya, tana cewa dubi yadda yake karkarwa.

Sai aka nuno kafinta da mai hoto zaune a kan gungumen katako. Sartse ya shiga tafin hannun kafinta, mai hoto na cire masa da allura, a hankali, yana hura wurin. Ya cire. Amma bai saki hannun ba. Ya kai shi kuncinsa ya rufe ido, shi kuma kafinta, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba, yana kallonsa yana murmushi. Na buɗe baki zan ce ga wa da ƙane, harshe ya ƙi. Ba ka jin kome sai ƙarar majigi.

Inna ta ce, “Huta, malam. Idona bai mutu ba.”

Da aka yaye barguna, mai hoto ya jawo kwanon masa gabanta yadda suka saba, ya ce, “Mama, bisimilla.” Ba ta dube shi ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya gefe, ta laluba takalmanta ta fice. Mai hoto ya zube ƙasa yana kuka yana cewa, “Mama ya ƙi ni, Mama ya ƙi ni.” Kafinta kuwa ya sandare a tsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa abin yi, sai na bi ta don in raka ta gida.

Mun yi tafiya mai nisa. Sai da muka kusa ƙofar gidanta ta tsaya, ba tare da ta kalle ni ba ta ce, “Ka gaya wa wancan, mai shagon, ƙirjin yaron nan ba ya son sanyi tun yana goye. Ya riƙa rufe masa taga. Gobe kuma a zo a karɓi tuwo, na mutum biyu.”

Wancan! Matar da jiya-jiya take kwaɗa masa kira da sunansa daga ƙarshen layi. Nan take na gane. Na koma Kwararafa da gudu, babbar rigata na harɗe ni, na faɗa shagon na ce, “Kai Bayarabe, tashi, share hawayenka! A wurinmu mace ba ta cin abinci gaban surukinta, ba ta kama sunansa. Ba ƙin ka ta yi ba, kunyarka take ji.” Mai hoto ya ɗago ya share hawayensa. Kafinta ya sulale ya zauna, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na girgiza.

Washegari mai hoto ya je gidan Inna karɓar tuwo, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya kwanta rub da ciki irin gaisuwarsu, ita kuma ta amsa daga bayan labule. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa furta maganar ga kowa ba. Fim ɗin ma ba a sake haska shi ba, mu huɗu kaɗai muka taɓa ganinsa.

Na yi bayanin manyan finafinai a gaban taro mai yawa, amma a wannan ƙaramin ne na koyi cewa in ƙauna ta fito fili, mai baki ya yi shiru kawai. Na kuma koyi kada in yi saurin yanke wa uwa hukunci. Inna ba ta da kalmar da za ta karɓe shi da ita, sai ta ba shi abin da take da shi, ta ja masa mayafi.