Yadda Lawal Mai Lemo Ya Gyara Mini Lissafin Korona

Malam Lawal ya fi shekara ashirin yana sarin lemo a kasuwar Zuba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nawa. Ni akawu ne a ofishin ajiye fayil na wata ma'aikata, kuma na saba rubuta abu da kwanan watansa. Da aka kulle Abuja a ƙarshen watan Maris na 2020 saboda korona, sai na ɗauko sabon littafi na ja layi huɗu: Sin, Italiya, Amurka, Najeriya. Kullum da safe ina cike su da adadin waɗanda suka kamu, yadda rediyo ya faɗa.

Shi Malam Lawal layin farko ne ya dame shi. Ɗansa Tawfiq yana birnin Guangzhou na ƙasar Sin, yana sayo wa wani ɗan kasuwar Dei-Dei tayil na daɓen ɗaki. A watan Mayu aka ce za a tura jirgi ya kwaso masu son dawowa. Yaron ya bugo waya ya ce abin da Baba ya yanke shi zai yi.

Ranar Laraba bayan sallar azahar Malam Lawal ya shigo, ya zauna nesa da ni a bakin dandamali.

"Akawu, karanto mini."

Na karanta. Amurka ta yi nisa, Italiya na biye, Sin ta lafa, mu kuwa ɗan kaɗan ne.

"Ka gani, Malam, gida ya fi. Ce masa ya hau jirgi."

Ya sosa gemu. "Buhu nawa suka kwance?"

"Wane buhu kuma?"

"Haba Akawu, boko ya ci ka. In mota ta zo daga Binuwai, direba ya ce min ruɓaɓɓe biyar ne kacal, ba na murna. Sai na tambaye shi buhu nawa ya kwance, kuma na sama ya duba ko na tsakiya. Mutum nawa aka gwada a nan?"

Ba ni da wannan layin a littafina. Kwana biyu na yi ina nema a waya. Da na samu, na ga waɗanda aka gwada a ƙasarmu duka ba su taka kara sun karya ba in an kwatanta da na waɗancan. Na kuma gaya masa cewa a Italiya tsofaffi cutar ta fi ɗauka.

"To ai nunannen lemo shi ke fara lalacewa," in ji shi. "Ka ga ni ne nunannen, ba shi ba. Ya ratso filin jirgi biyu ya kawo mini tsaraba?"

A gabana ya kira yaron. "Tawfiq, zauna inda kake. Can sun kwance buhunsu, mu ba mu kwance ba. Ka riƙa rufe hancinka, ka ci abinci."

Mahaifiyar yaron ta yi kwana uku ba ta yi wa Malam Lawal magana ba, amma tuwo bai taɓa makara ba.

Tawfiq ya dawo a watan Fabrairu na 2021, lafiya lau, har ya yi ƙiba. Malam Lawal ya sa shi ya kwana bakwai a ɗakin zaure kafin ya yarda suka yi musabaha, sannan aka yanka rago.