Birnin Raguna da Lungun Kakata

Ni dai aji uku na yi na gudo, amma a kan tarihin ƙasar Sin babu ɗan bokon da zai ja da ni. Malamata kakata ce, Hajiya Ladi mai ƙosai, wadda ta zo hajji daga Kano ta manta hanyar komawa.

Bayan magariba, in ta sauke kasko a lungunmu na unguwar Zahir, sai mu kewaye ragowar garwashin. Ta dube ni ta ce, “Angona, rufe bakin nan, ga ta nan tafe daga Sin.”

Wata tsohuwa Basiniya ce ta ba ta labarin a Mina, lokacin da Kaka take yi mata dakon kaya, rabi da Larabci rabi da hannu. Wai yunwa ta taɓa kama wani birni har tukwane suka yi yana. Sai ga baƙi biyar a kan raguna, kowane rago da zangarniyar shinkafa a baki. Suka ba mutane iri, suka wuce, ragunan suka zama duwatsu. Tun daga nan ake kiran garin Birnin Raguna.

Na ce, “Kaka, da ni ne, ragunan zan yanka.”

“Shi ya sa ba za a sa wa ko kwata sunanka ba, ya walad, yaron nan. Su sun san baƙo, har dabbarsa suka girmama.”

Na tsufa ina ba jikokina labarin nan, suna cewa Kaka ta shara mini ƙarya. Abin yana ci mini rai, domin matar nan ta mutu ba iƙama, wato takardar zaman ƙasa, ba hoto, ba abin da ta bari sai maganarta. Bara jikana Faisal ya je birnin Gwanzu na ƙasar Sin sarin kaya. Sai ga hoto a waya: dabbobi biyar na dutse, babban da zangarniya a baki.

Faisal ya kira ni da Larabcinsa na jika: “Jaddi, ashe gaskiya ne! Amma kamar awaki ne.”

Na ce yunwar Sin ce ta ramar da su.

Na daɗe ina kallon hoton. Kaka ma baƙuwa ce, da wake ta zo a bakin zani. Kabarinta ba alama, kamar na kowa a nan. Amma je ka Zahir ka tambayi yaron da ko “sannu” bai iya ba, zai nuna maka Lungun Mai Ƙosai.

Ni kuwa, har yau ko kwatar ban samu ba.