Ragowar Cittar Baba

A shekarar da aka yi kullen korona muna zaune a unguwar Taman Melati a birnin Kuala Lumpur, ni da maigidana, a wani ƙaramin gida can saman bene inda ake jin wucewar jirgin ƙasa. Ni ina karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, shi kuma yana aiki da wani kamfanin kwamfuta. Daga kudancin Kaduna muka fito, mahaifinsa kuma manomin citta ne tun tasowarsa. Duk wanda zai taho daga gida sai Baba ya ba shi ƙunshin busasshiyar citta ya kawo mana. Da ita maigidana yake haɗa giyar citta, irin mai kumfa da yaji, wadda ba ta bugarwa sai dai ta sa mutum gyatsa. Ranar Lahadi bayan sujada 'yan uwa kan cika falonmu su sha. Bai taɓa auna komai ba. Buɗe bokitin yake yi ya shinshina, ya ɗanɗana da cokali, ya ce ta yi.

Cutar ta kama shi ana tsakiyar kulle. Ya sha jiki, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma hancinsa da harshensa ba su dawo ba. In na yi miya sai ya ci shiru, in na tambaye shi ya ce kamar takarda yake taunawa. Bai gama murmurewa ba aka bugo mana waya cewa Baba ya rasu. Hawan jini ne ya kayar da shi a gona. Babu jirgi, babu hanyar fita. A waya muka kalli jana'izar, ƙanin maigidana ne ya riƙe ta, hoton yana yankewa yana dawowa. Muna zaune a kan kujera aka sauke akwatin. Maigidana bai yi kuka ba. Ya ajiye wayar, ya shiga kicin, ya ciro ragowar cittar Baba daga gwangwani ya kai hancinsa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Ba na jin komai."

Da aka fara sassauta doka, ya ce zai gayyaci 'yan uwa mu yi wa Baba addu'a, kuma da ragowar cittar nan zai haɗa abin sha. Tunda harshe ya ƙi, sai ya yi odar wani ma'auni da ake kira haidiromita. Siririn gilashi ne mai nauyi a gindi, da takarda mai layuka a cikinsa. Ana sa shi a ruwan ya yi yawo. In sukari na da yawa sai ya taso sama, in yis ya cinye sukarin sai ya riƙa nutsewa. Maigidana ya karanta layin da ya kamata ruwa ya kai kafin a zuba a kwalba, ya riƙe shi gam.

Ya tafasa cittar duka, bai rage ko ƙwaya ba. Ya zuba sukari da lemon tsami da yis, ya rufe. Kwanakin farko gilashin ya yi ta nutsewa yadda ake so. Sai ya tsaya cak, bai kai layin ba.

Daga nan aka shiga neman dalili. Ya ga an rubuta cewa kumfa kan manne a jikin gilashin ta ɗaga shi, sai ya riƙa murza shi da yatsu yana jujjuyawa har kumfar ta sake shi. Layi bai motsa ba. Ya ce ko tsakin citta ne ya sa ruwan kauri, ya karɓi sabon ɗankwalina ya tace. Bai motsa ba. Ya ce ma'aunin na ruwan sanyi ne, zafin Kuala Lumpur ne ke ruɗa shi, ya sa ruwan a firij ya sake gwadawa. Ɗan bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Ƙarshe ya ce yis ɗin ne ya mutu, ya sauka kedai, wato kantin unguwa, ya sayo wani ya ƙara. Kullum sai ya buɗe bokitin safe da yamma, ya ɗiba, ya auna, ya mayar.

Wata safiya na ɗanɗana da cokali, na ce, "Maigida, abin nan ya yi. Zaƙin ya tafi, ya ma fara tsami. Mu zuba a kwalba."

Ya ce, "Ma'auni ya ce da saura."

Na ce, "Ni da na sa a bakina fa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ke kina da baki. Ni wannan kaɗai gare ni. Ki bar ni in ga abu ɗaya da idona."

Na fita baranda na tsaya wajen shanya har hawayena suka tsaya.

A gidan da ke kallon namu akwai wani Bakano mai karatun digirin digirgir a fannin sinadarai. Malam muke kiransa. Shi ne ya riƙa ajiye mana abinci a bakin ƙofa lokacin jinya. Da abin ya ishe ni na gaya masa. Ya zo sanye da takunkumin fuska ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Yallaɓai, ni dai ba na sha, ka sani. Amma gilashi gilashi ne. Ka taɓa gwada shi a ruwa zalla?"

Maigidana ya ce a'a. Na kawo ruwan famfo. A ruwa zalla akwai layin da dole ma'aunin ya tsaya a kai, amma namu ya kauce masa nesa. Malam ya karɓa ya ɗaga shi wajen haske, ya ce takardar ciki ta goce daga wurinta, wataƙila tun a hanyar kawowa. Tun ranar farko ƙarya yake nunawa.

Maigidana ya buɗe bokitin. Wata farar fata ta shimfiɗu a sama, ƙananan ƙudaje suna shawagi. Warin ya bugi ni da Malam har muka ja baya, shi kuwa yana sunkuye a kai bai ji ba. Ya ce da ni, "Ɗanɗana min." Na ɗanɗana. Tsami ne zalla mai kama maƙogwaro.

"Ya lalace?"

Na ce, "Ya lalace."

Ya zauna a ƙasan kicin ya jingina da firij, kukan da bai yi ranar jana'iza ba ya zo masa. Malam ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya ja mana ƙofa ya tafi. Ni na zubar da ruwan, don shi ya kasa.

Ranar addu'ar 'yan uwa kaɗan suka zo. Muka yi tapau, wato muka sayo shayi da gurasar roti a ƙunshe daga mamak, shagon abincin Indiyawa, muka rera waƙoƙin da Baba yake so. Ba wanda ya tambayi abin sha, don na riga na gaya wa matan.

Bayan wasu watanni hancinsa ya fara dawowa, amma a karkace. Albasa ta zame masa kamar ruɓaɓɓen abu, citta kuwa warin ƙonanniyar taya take yi masa. Likita ya ce wasu kan warware, wasu kuma sai a hankali. Na daina sa ta a girki.

Da aka buɗe hanya muka je gida. Lokacin girbi ne, an baza citta a kan duwatsu a ko'ina tana bushewa. Muka je kabarin Baba da ke bayan gida, maigidana da hankici a hanci. Mama ta gan shi, ta ɗauka kuka yake ɓoyewa, ta dafa shi ta ce, "Yi abinka, ɗana, ba kunya ba ce." Bai gaya mata ba, ni ma ban faɗa ba. Washegari ya ce ba zai iya kwana a ƙauyen ba, muka koma Kaduna gidan yayata muka ƙarasa hutun a can.