Takardun Baba da Ruwan Abhur

Shekarun baya, bayan an rushe mana unguwarmu ta Karantina, na zama mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya. Sabon gidan da muka kama a arewacin Jidda ya yi mini shiru da yawa. Wani abokina ne ya ja ni Abhur, mashigin tekun nan da ake hayar ƙananan kwale-kwale ana tuƙawa don nishaɗi. Ni da ruwa in ya kai mini gwiwa sai salati, sai ga ni da filafili duk Juma'a.

Wajen warware kaya a sabon gidan ne mahaifiyata ta ci karo da gafakar marigayi mahaifina. Alƙur'aninsa ne a ciki, rubutun hannu, wanda ya taho da shi a jirgin ruwa tun yana saurayi. Danshi ya cinye shi, tawada ta narke, ba ya karantuwa. Limamin unguwa ya ce a ƙona ko a binne. Ta ƙi wuta, ta kuma ce ba ta ƙara yarda da ƙasar da katafila ke tonewa. Ta naɗe takardun a farin ƙyalle da ɗan dutse a ciki, ta miƙo mini.

"Ta ruwa suka zo, ta ruwa za su koma. Amma ka nemi wuri mai tsabta, ya waladi."

Na ce ai wannan ba aiki ba ne. Da Juma'a ta zagayo, na shiga kwale-kwale da ƙullin.

Ashe duk yawon da nake yi a kan ruwan nan ban taɓa kallonsa ba. A bakin gaɓa ledoji ne da robobin ruwa da kofunan shayi, ga ragowar shinkafar 'yan shan iska tana yawo. Na ƙara gaba. Na ɗaga ƙullin zan saka, sai ga kunzugun jariri ya kumbura yana tahowa abinsa. Na ƙara gaba. Can kuma man injin jiragen 'yan gayu ne ya kwanta yana ƙyalli. Inda na ga sama ta yi garau, da na leƙa ƙasa sai ga taya da karyayyiyar kujerar roba.

Rana ta take, kafaɗuna suna zogi, zuciyata sai azalzala ta take yi. Abokina ya matso da nasa kwale-kwalen.

"Halas ya akhi, ya isa haka, sake shi mana. Bahar ne, yana wanke komai."

Na ce masa mai kunzugun ma haka ya faɗa wa kansa. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba. Na ci gaba da tuƙi har igiyar da ba a yarda ƙananan jirage su wuce ba, mai gadi ya hura mini usur. Na juyo da ƙullin a cinyata, kunya ta ishe ni.

A gida na zaci faɗa za ta yi. Sai dai ta dube ni ta tambaya.

"Duk faɗin bahar ɗin?"

"Duk inda na iya kaiwa, Ummi."

Ta karɓa ta ɗora a kan kwaba. Daga baya wani tsohon maƙwabcinmu masunci ya tafi da shi can nesa, inda ba a hango gari, ya sake shi. Hankalinta ya kwanta. Nawa ne bai kwanta ba, don abu ɗaya ta taɓa roƙo na saboda mahaifina, wani ne ya yi shi.

Tun daga ranar nake shiga kwale-kwale da buhu ina tsintar abin da hannuna ya kai. Abokina ya laƙaba mini Baladiyya, wai ni ne hukumar shara ta kan ruwa. Na san buhu ɗaya ba zai gyara Abhur ba. Amma har yau, in na ga wuri ya yi haske, sai na tsayar da filafili na leƙa ƙasa, ko da yake babu komai a cinyata.

Wuri mai tsabtar da ta ce, ban same shi ba tukuna.