Ranar da Muka Ƙona Buhunan Yaya

A wannan watan yayana Hamisu ya cika shekara takwas da rasuwa. Ban yi kuka ranar ba, kuma har yau ban yi ba. Matan da suka zo zaman makoki suka yi ta yaba mini haƙuri, ni kuwa ina zaune ina kallon bakinsu yana motsi. Ba haƙuri ba ne. Wani abu ne ya mutu a jikina, irin yadda ƙafa take mutuwa in an daɗe a zaune a kanta, kuma har yanzu bai farfaɗo ba. Na ce bari in rubuta ko don masu irin yayana a danginsu. Na san suna da yawa, faɗa ne ba sa yi.

Mu biyu iyayenmu suka bari, 'yan wani ƙauye ne mu a ƙasar Garki. Yaya ya riga ni zuwa Dutse, lokacin da garin ya fara cika da ma'aikata. Tela ne. Ba don yana yayana ba, amma in ya yanka yadi ba a dawo masa da gyara. Shi ya ɗinka mini kayan da na tafi makarantar horon malamai da su, shi ya tsaya mini a matsayin uba har aka kawo ni ɗakina a Takur. Ba shi da yawan magana, sai tsokana ƙasa-ƙasa. In na cika shi da surutu sai ya ce, "Uwani, miƙo bakin nan in yi masa kalmasa."

Ciwon ya fara masa yana da shekara talatin da 'yan kai. Da farko rashin barci, sai magana shi kaɗai, sai ya fara cewa akwai masu sauraronsa ta cikin bango. Matarsa ta jure iya jurewarta, danginta suka zo suka tafi da ita, ban ga laifinsu ba. Shago ya tafi, keken ɗinki ya tafi, mai gidan haya ya sa wa ɗaki kwaɗo. Gidanmu na ƙauye kuwa tuni ruwa ya rushe shi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi tofi. An kai shi wurin wani mai magani da ya sa masa marin ƙarfe a ƙafa wata biyu, ya dawo da tabo a idon sawu. Tun daga nan bai ƙara yarda ya shiga inda ke da ƙofa ba. Ya tare a barandar wasu shaguna da ba a gama ginawa ba, a bakin titin da nake bi zuwa makarantar da nake koyarwa.

Shekara tara ina wuce shi a adaidaita, safe da rana. Zan faɗi gaskiya tunda ba mai dukana: in ina tare da abokan aiki, sai in kawar da kai in shiga gyaran mayafi. Da yamma kuma in kai masa tuwo a kwano. Mace a gidan wani take, ba ta da ikon cewa yayanta ya zo ya zauna, balle yaya irin wannan. Haka na riƙa gaya wa kaina, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai a duk shekarun nan ban taɓa buɗe baki na roƙi maigidana ba.

Yana da buhu uku da ba ya rabuwa da su. Ƙyallaye ne yake tsinta a bayan shagunan teloli yana cusawa. Buhunan sun yi baƙi ƙirin, ga wari, a kansu yake jingina, kuma ko hannu ka kai kusa sai ya harare ka.

Wadda ta fara yi masa abin kirki ba jininsa ba ce. Sista Rifkatu ce, nas a ɓangaren masu taɓin hankali, mutuniyar Filato da ta fi shekara ashirin a Dutse, tana haya a layinmu. Ba ta kai masa tuwo ba, ba ta yi masa nasiha ba. In ta taso daga aiki sai ta zauna a bakin barandar ta ce, "Malam Hamisu, ina wuni," ta ja bakinta ta yi shiru. Wata uku tana haka, mutane suna cewa ko ita ma ta fara taɓuwa ne. Rannan sai ta kai masa rigar aikinta da aljihu ya yage, haɗe da allura da zare. Ya juya rigar, ya duba, ya ɗinke. Ta kai masa wata. A haka har ta samu ya yarda likita ya duba shi a nan inda yake, aka sa shi a kan allurar da ake yi wa masu irin ciwonsa wata-wata. Da kansa yake naɗe mata hannun riga.

Cikin wata shida na ga yayana yana dawowa. Ya daina faɗa da bango. Ya kira ni da sunana, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, har da wadda aka haifa yana baranda. Sista ta tare ni a hanya ta ce, "Malama, allura ba ta hana ruwa dukan mutum. Ɗaki yake buƙata, wanda makullinsa zai zauna a aljihunsa." Sai a lokacin na roƙi maigidana shagon da ke ƙofar gidanmu. Allah ya saka masa da alheri, bai ja magana ba. Aka yi shafe, aka sa katifa da tabarma da buta. Sista ta yi wata guda tana lallashin Yaya, ya ce zai zo, amma da kayansa. Ta gaya mini haka, ta kuma maimaita: da kayansa.

Wata Asabar da hantsi ya iso, buhunan a bayan adaidaita, direban yana toshe hanci. Dangin maigida sun taru a ƙofar gida. Kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka ɗauko daga titi. Wanzami ya aske shi ƙwal, a yi masa wanka da ruwan zafi, a sa masa sabbin kaya, tsummokaran kuma a cinna musu wuta don kada ciwon ya biyo shi cikin gida. Wasu ma cewa suke iskokai a tsumma suke maƙalewa. Ni malamar makaranta ce, ban yarda da wannan ba. Nawa dalilin wari ne, da kunyar maƙwabta. Sista tana wurin aiki ranar. Ana cikin yi masa wanka na ce wa ƙanin maigida ya ja buhunan zuwa bola. Ni na miƙa masa kwalbar kananzir da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Ya fito cikin farar shadda, kai yana ƙyalli, mata suna leƙe daga soro suna ta tubarkalla. Ya dubi inda ya ajiye buhunan. Ya dubi hayaƙin da ke tashi ta bayan katanga. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba, da ya yi da abin ya zo mini da sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Uwani, kin tambaye ni?" Na ce, "Yaya, ai datti ne." Ya ajiye makullin shagon a kan dakali, ya kama hanya da sabuwar shaddarsa.

Da yamma Sista ta gaya mini abin da ke ciki, don ita ya taɓa buɗe mata. Ba a hargitse suke ba. Buhu ɗaya ƙyallayen da ya ware ne launi-launi. Ɗaya kuma waɗanda ya riga ya haɗa da ɗinkin hannu, bargo yake yi, shekara da shekaru yana ƙara masa faɗi. A na ukun akwai almakashinsa, da tef ɗin awo, da katin asibiti, da littafin da yake rubuta awon mutane tun yana da shago. Abin da ya rage masa na zama tela ke nan. A tsaye ta faɗa mini, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kusan shekara na yi ina wannan aikin, Malama," ta juya ta tafi.

Bai ƙara naɗe mata hannun riga ba. A ganinsa da ita aka haɗa baki, tunda ita ta ce ya zo. In ta zauna a bakin barandar sai ya juya mata baya, kuma ba ta fasa zuwa ba. Ciwon ya dawo fiye da da. Tuwona ma ya daina karɓa, in na ajiye da yamma haka zan tarar da kwanon. Shekara ɗaya da wata biyu aka yi a haka. Da damina sanyi ya kama masa ƙirji, masu buɗe shagunan da ke kusa suka same shi da safe ba ya iya tashi. Kwanansa biyu a asibiti ya cika. A shagon ƙofar gidanmu aka yi masa wanka da sutura, shigarsa ta farko ke nan.

Yanzu Dutse ta faɗaɗa. Barandar ta zama shagunan sayar da waya, an kewaye ta da ƙarfe, ko akuya ba za ta samu wurin kwanciya ba. Masu kwana a waje dai ban ga sun ragu ba, sun dai matsa bayan tasha da gefen kasuwa. A wayata nakan ga samari sanye da riguna iri ɗaya sun tare mutum a titi, sun aske shi, sun yi masa wanka, sun ƙona tsummansa, ga hoton da da na yanzu, mutane a ƙasa suna ta sa albarka. Ban ce da mugun nufi suke yi ba, ni ma ba da mugun nufi na yi ba. Amma ban taɓa ganin wanda ya koma da kyamarar bayan mako biyu ba. Da Yaya zai ga hotunan nan, na san ɗinkin sabuwar rigar zai fara dubawa, ya ce hannun ya yi tsawo. Sannan ya tambayi inda aka kai kayan mutumin.

Ina jin masu magana a rediyo suna cewa a gina gida a tattara su. Ban ƙi a gina ba, wallahi, mutum yana buƙatar rufi. Sai dai ni na ba da ɗaki, da katifa sabuwa, bai riƙe yayana ko na yini ɗaya ba. Allura ta yi aikinta, ita ma ta tsaya ranar da ya daina yarda da mai yi. Abin da ya taso shi daga barandar nan mace ce da ta iya zama ta yi shiru wata uku. Wannan ba ya kyau a hoto, kuma ban ji ana ɗaukar mutum aiki don shi ba. Sista ta yi ritaya ta koma garinsu. Ban san wanda ya gaje ta a wannan zaman ba, in ma akwai.

Me ya rage na Yaya Hamisu? Bai bar ɗa ba. Kayan da ya ɗinka wa mutane sun tsufa an yar. Kabarinsa ban san shi ba, maigidana ya ce ko shi yanzu ba zai iya nunawa ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe mini. Shagon kuwa na hana a sa kowa, dangin maigida sun yi magana har sun gaji.

Bara ne na lura da wani dattijo a bayan kasuwa, Baba Tanko, tsohon ɗan dako. Hankalinsa ƙalau, ƙarfi ne ya ƙare, ga gyambo a ƙafa. Yana kwana a gindin bango kusa da wani tsohon baro marar taya, wanda ya yi shekara da shekaru yana turawa. A asibitin unguwa sun ce za su riƙa wanke masa ƙafar, amma ba za ta warke ba muddin a ƙasa yake kwana. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, akwai ɗaki a ƙofar gidanmu, in kana so." Ya dube ni ya ce, "'Yata, ƙofar za ta ci baro?"

Na koma na auna da igiya. Saura kamar yatsa huɗu. Maigidana ya ce, "Yanzu saboda baron da ko taya ba shi da ita za ki fasa mini bango?" Na ce eh. Ya girgiza kai, washegari shi da kansa ya kira birkila.

Na je na gaya wa Baba Tanko an faɗaɗa ƙofa. Ya ce zai yi tunani. Wata huɗu ke nan yana tunanin, ƙafar kuma tana ƙara lalacewa, tun daga nesa ake jin ta. Maigidana ya ce a samu majiya ƙarfi biyu su ɗauko shi kawai, in ya so ya yi fushin daga baya, kuma ba zan ce bai faɗi gaskiya ba. Na ce a'a. Wataƙila shi ma kwanan waje ne zai yi ajalinsa ina durƙushe ina tambaya. Na san haka, kuma ban san ko daidai nake yi ba. Ba na jin tsoro, ba na jin tausayi irin wanda ya kamata in ji, zuwa kawai nake yi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je na zauna kusa da shi, ban ce komai ba bayan gaisuwa. Har na miƙe zan tafi sai ya ce, "Ƙofar nan, tana kulluwa ta ciki?" Na ce tana kulluwa. Ya gyaɗa kai, ya ce zai ƙara tunani.