Addar Kakana da Ladanin Kurmi

Akwai wani ruwan goge daɓe da masu shara ke amfani da shi a benen da nake gadi a unguwar West Bay ta Doha, ƙamshinsa sak ganyen bishiyar turare. Kullum da safe in sun wuce da shi, sai in gan ni a kan tsaunin Mambila, cikin hazo, raɓa ta jiƙa ni har gwiwa.

Kai da ba ka taɓa hawa can ba, ka sani tsaunin ciyawa ce zalla, sai a cikin kwari kurmi yake fakewa. Namu yana bayan gona, duhu gare shi ko da rana tsaka, ga rafi mai sanyin ƙanƙara. A ciki akwai wani ɗan tsuntsu, bai kai dunƙulen hannu ba, ƙirjinsa launin manja. Kakana ladanin kurmi yake ce masa, don yana riga na masallaci tashi. Sau uku kacal na taɓa ganinsa, amma ba a wayi gari ban ji shi ba.

Tsuntsun nan ba ya fita rana, ba ya ƙetare fili. Wata shekara wuta ta ci tsakiyar kurmin, shanu suka mai da wurin burtali, kurmi ya rabu biyu. Tazarar ba ta wuce jifa ba, amma na wannan gefe sai dai ya kira, na can ya amsa. Ba mai zuwa wurin wani.

Tun daga nan Kakana ya ɗora wa kansa aiki. Da zarar damina ta ɗauke, kafin makiyaya su ƙone tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro, sai ya ɗauki adda ya share kewayen kurmin, faɗin taku goma, don in wuta ta zo ta rasa abin ci. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce masa sannu. Ni nake bin bayansa da manjagara, ina ƙunƙuni.

"Kaka, kurmin nan fa ba naka ba ne."

"Raggon banza. Ruwan da ka sha da safe na ubanka ne?"

Sauran kurmin ƙauyen masu katako suka gama da su, aka dasa turare a gurbinsu. Turare yana shanye ruwa, kuma ladan ba ya kwana a kansa. Namu kaɗai ya rage. Ranar da ƙafa ta gaza wa tsohon, ya miƙo mini addar, na karɓa.

Ko da na zo Doha, a Nuwamba nake ɗaukar hutu. Abokan ɗakina suna zolayata, wai kowa amarya ke mai da shi gida, ni kuwa ciyawa. Bana shugabanmu na aiki ya ce ba isassun ma'aikata, sai Fabrairu, khalas, wato magana ta ƙare. Na roƙi samarin gida su share kewayen kurmin, suka ce an gama. Ashe bakinsu ne kawai ya gama.

Makon jiya Inna ta aiko saƙon murya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce wuta ta shiga ta gabas, ta cinye ɓangare guda ƙurmus.

"Na je da asuba na tsaya har rana ta fito," in ji ta. "Ladan ɗaya ya kira, ya sake kira, sai ya yi shiru. Addarka na shafa mata mai, na rataye."

Na saurari saƙon a tsaye a bakin ƙofa, ina buɗe wa mutane suna shiga. Kunya nake ji, ta Kakana da ke kabari.

Fabrairu zan je. Zan sauke addar in share kewayen abin da ya saura, taku goma kamar yadda aka koya mini. Sai dai ban sani ba ko in na isa akwai sauran wanda zan tare wa wutar.